Godiya ga waɗanda suka ara mini hannu har ƙarfen bindigar nan ya yi launin toka

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan sana'a. Alhamdulillahi bindigar nan mai ɗurin baki da na daɗe ina haɗawa ta kammala, kuma wallahi ba zan iya cewa aikina ne ni kaɗai ba, shi ya sa na ga ya zama dole in fito fili in yi godiya. Waɗanda ke kusa da ni sun san abin da ya faru, ana tsakiyar aiki ciwo ya kama ni a hannun dama har sai da aka yi mini tiyata, likita ya ce kar in kuskura in riƙe magagari ko wani abu mai nauyi sai ya ba ni izini. A lokacin ƙota ta gama, itacen ya sha mai ya yi kyau, amma ƙarfen duka yana nan fari tas ba abin da aka shafa masa, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san farin ƙarfe ba ya jiran mai jinya. Ina kwance ina ganin ɗigo-ɗigon tsatsa na fitowa a bututun, daidai inda yatsa ya taɓa, ba yadda zan yi.

Godiyata ta farko ga maigidana, Baban da ya koya mini sana'ar nan. Da shekarunsa da ciwon gwiwarsa ya taso ya zo, bai ko zauna ba ya ɗauki bututun ya kai shi wajen haske yana juyawa fuska-fuska, ya ce min ɗana kwantar da hankalinka, wannan tsatsar sama ce ba ta ci ƙarfe ba. Shi ya tsara yadda aikin zai tafi. Da ma burina launin toka nake so, irin wanda masu sana'ar ke kira tokar Faransa, ba ruwan ƙasa ba kuma ba baƙi mai sheƙi ba, to shi ne ya zaunar da yaran ya yi musu bayanin cewa asalin wannan launin masu zane a jikin bindiga sukan gasa ƙarfen ne cikin gawayin ƙashi fatarsa ta yi tauri, sannan a cire launukan da wutar ta bari, sai ya rage toka mai laushi wadda zanen ke fitowa raɗau a kanta. Ya kuma tuna mana cewa doguwar bindigar da nake kwaikwaya, irin ta maƙeran Jamusawa da suka zauna a Lancaster ta jihar Pennsylvania a Amurka cikin shekarun 1700, su Jacob Dickert da ya rasu a 1822, da yawansu fari ake barin ƙarfensu, hannu da mai da shekaru ne suka rine su a hankali. Wato abin da muke nema a yi da asid shi ne abin da zamani ya yi musu da kansa. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka maka da gidan Aljanna.

Sai ƙanena a sana'a, wanda a gaskiya shi ya sha wahalar. Mutane na ɗauka launin a cikin kwalba yake, alhali yawancin aikin gyaran fuskar ƙarfe ne kafin a buɗe kwalbar. Bututun nan inci 42 ne mai fuska takwas, ya bi kowace fuska da magagari a kwance, yana riƙe da shi hannu biyu yana ja yana turawa har sawun injin ya ɓace, sannan ya koma sanfefa lamba 220, ya hau 320 ya tsaya nan, don Baba ya ce idan ƙarfe ya yi santsi kamar madubi ruwan rinin ba ya kama shi sosai. Abin da ya fi burge ni, bai taɓa riƙe sanfefar da yatsa zalla ba, kullum a naɗe take a jikin ɗan katako mai faɗi saboda kar kusurwoyin nan takwas su dakushe, kuma idan kusurwa ta mutu babu launin da zai ɓoye ta. Ina zaune gefe da hannu a rataye ina kallon baƙin garin ƙarfe na taruwa a tsakanin yatsunsa, in ce masa ya huta ya ce yaya bari in ƙarasa fuskar nan. Farantin ƙyastu ma, wato ƙarfen da ke riƙe da sassan kunna wutar bindigar, da sauran ƙananan sassan da aka zuba a zubi sai da ya kankare musu fatar nan mai gautsi da zubi ke bari ɗaya bayan ɗaya. Ƙanena ban da bakin gode maka, Allah ya buɗa maka ya sa ka fi mu.

Wajen rinin kansa wani abokina ne ya karɓa, wanda ya fi mu sabawa da sinadarai. Ya fara wanke komai da asiton, sinadarin cire maiƙo, ya sa safar hannu, daga nan ba wanda ya sake taɓa ƙarfen da fata, har soson ƙarfen nan mai laushi lamba 0000 sai da ya wanke shi don da mai yake zuwa daga kamfani. Ya toshe bakin bututun da turken itace, ya toshe 'yar kafar da wuta ke bi ta kai ga albarushi, ya cire sifirin-sifirin ya ajiye gefe don asid na iya sa su gautsi su karye, fuskar ƙarfen ƙyastu kuwa inda dutse ke bugawa ya ce kar kowa ya shafa mata komai. Kafin ya kusanci bututun sai da ya gwada a ƙasansa, fuskar da itace zai rufe. Hanya biyu ya haɗa. Ya shafa ruwan baƙanta ƙarfe na sanyi har ya yi duhu, sai ya bi da soson ƙarfe yana gogewa a hankali, baƙin na tashi daga sarari yana maƙalewa a lunguna da cikin zane, sannan inda ya ga bai yi daidai ba ya bi da man cire tsatsa mai asid ɗin fosforik, wanda shi da kansa yake barin toka a jikin ƙarfe, yana shafawa ba ya bari ya bushe a wuri ɗaya don kar ya yi dabbare-dabbare. Nan ne muka ga abin da Baba ya faɗa tun farko, bututu ya karɓi launi da wuri amma farantin ƙyastu da kunama suka ƙi, saboda ba ƙarfe iri ɗaya ba ne kuma taurinsu ya bambanta, sai da ya yi ta komawa kansu yana jera su kusa da bututun a hasken rana har idonsa ya yarda. Bayan nan aka wanke da ruwan bekin soda don a kashe ƙarfin asid ɗin, aka ɗauraye da ruwan zafi ƙarfen ya bushe da ɗuminsa, aka shafe shi da mai, daga baya aka bi da kaki.

Akwai waɗanda suka ba da shawarar a sa bilic, sinadarin faranta tufafi, ƙarfen ya yi ramuka ya zama kamar tsohuwar bindiga, na gode da kulawarku ƙwarai amma ban bi wannan ba. Ni a ganina sabon aiki ya fito a sabonsa, tsufa zai same shi a hannun mai shi. Kuma don Allah duk mai gwada wannan ya sani bilic da asid idan suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa mai cutar da huhu, ko binega ce kar a haɗa su, a kuma yi aikin inda iska ke shiga. Ga masu tambaya ko tokar na hana tsatsa, ba ta hanawa sosai, mai da kakin ne ke tsaron ƙarfen, balle idan hayaƙin albarushi ya taɓa shi, shi da yake janyo danshi, dole a wanke a ranar.

Uwargida kuma ban san ta inda zan fara ba. Ga jinyata ga baƙin da ke shigowa suna fita da warin sinadari, kuma a kwanakin farko bayan rinin, lokacin da tsatsa ke son dawowa a ɓoye, ita ce take buɗe ƙyallen kowace safiya ta duba mini sassan ta sake goga mai inda na nuna mata. Allah ya bar mu tare ya saka miki da alheri. Haka likitoci da ma'aikatan jinyar da suka kula da hannun nan, da duk wanda ya kira waya ko ya zo dubiya ko ya yi mini addu'a daga nesa, wanda na sani da wanda ban sani ba, Allah ya biya muku buƙatunku.

Hannun yana samun sauƙi, na fara riƙe sukundireba, har ni na ɗaura sukurorin ƙarshe da kaina da aka zo haɗa ƙarfe da ƙota. Likita ya ce magagari sai nan gaba kaɗan, to ƙanena ka shirya, bututun da kake ta ajiya ka kawo shi, fuskokinsa takwas a wuyana suke in sha Allahu.