Kujerar motar da aka daka ta baya, daga ƙarfe muke fara ta

Yawancin masu kawo mota shagonmu a nan Garwa soso da leda suke so a sake musu. To amma idan an daki motar ta baya, leda ce ƙarshen abin da muke taɓawa, saboda wuyan mai zama a kai.

Kan babban mutum kusan kilo 5 ne, a ɗore kan ƙasusuwan wuya guda bakwai. Da an bugi mota ta baya, kujera sai ta ingiza gangar jiki gaba, kai ya koma baya, sannan ya fizgo gaba, duk kafin ƙiftawar ido. Tsoka da jijiyar wuya ne ke shan wannan fizgar. Matashin kai da ke saman jinginar kujera aikinsa ke nan ya tare kan, shi ya sa tun 1969 Amurka ta wajabta shi a sababbin motoci. Mu kuwa a nan, direban haya cire shi yake yi don ya ga baya, Alhaji kuma ya ce yana ture masa hula.

Saman matashin ya zo daidai da saman kai, tsakaninsa da ƙeya kada ya wuce santimita 4, wato yatsu biyu. In ya sauka ya tsaya a wuya, kai lanƙwashewa zai yi ta samansa. Jingina ma in an kwantar da ita sosai, tazarar ta buɗe ke nan.

Inda aikin yake shi ne sandunan ƙarfe biyun nan da ke riƙe matashin. Ɗaya na da tsaga-tsaga, cikin robar da ke bakin ramin da yake shiga kuma akwai ɗan sifirin da ke kama tsagar. Zafin Maris da Afrilu na busar da robar ta tsage, ƙura ta cika ramin. Gwajin ba wuya: ɗaga matashin, ka danna shi da tafin hannu da ƙarfi. In ya zame, makullin ya mutu, sai a sake robar. Matashin gwanjo kuma sai an auna, don kaurin sanda ya bambanta daga mota zuwa mota. Na Corolla ba lallai ya zauna a Hiace ba. Daga nan mu cire kujerar, mu duba ko firam ya karkace, da haƙoran da ke riƙe jingina. In sun cinye, canji muke yi. Walda a wurin nan rufa-ido ce, bugu na biyu za ta balle.

Mai motar kuma mukan tambaye shi wuyansa, don ciwon nan sau da yawa sai washegari ko bayan kwana biyu yake tashi: wuya ya sage, ƙeya na sara. In hannu na mutuwa ko ƙarfinsa ya ragu, asibiti za shi a ɗauki hoto, kada a bar mai ɗori ya ja wuyan. Motar ta iya kwana a shago.