Kwana biyar a kwazazzabon Kogin Fish

Wata huɗu na yi ina shiri. Duk Asabar bayan sallar asuba nakan shiga motar trotro daga unguwar Nima zuwa unguwar Madina a Accra, in canza mota zuwa Ayi Mensah, in taka hawan nan har Peduase tare da masu motsa jiki. Da na ga ina kaiwa sama ba haki, sai na buga wa Yayana da ke aiki a Windhoek, babban birnin Namibiya, waya na ce masa na shirya. Ya ce, "To ƙanena, kwalta ka taka. Can babu kwalta." Ban gane nauyin maganar ba sai da na isa.

Kwazazzabon Kogin Fish yana kudancin Namibiya, cikin gandun Ai-Ais Richtersveld. Tsawonsa ya kai kilomita 160, zurfinsa a wasu wurare mita 550. Masu tafiyar ƙasa sukan sauka kusa da Hobas su bi gindin kogin har Ai-Ais, kimanin kilomita 85, kuma daga watan Mayu zuwa tsakiyar Satumba kaɗai ake bari, saboda zafin sauran watanni yana iya kisa. Sai da takardar likita, kuma ba a barin ƙasa da mutum uku. Mu ukun ne cif: ni, da Yaya, da wani abokin aikinsa ɗan ƙasar wanda ya taɓa bin hanyar.

Tun a bakin gangaren abokin Yaya ya ɗaga jakata, ya ajiye, ya dube ni. Mma ta cika min ita da ƙauna: gwangwanayen kifi, soyayyen yajin shito a kwalbar gilashi, har da zannuwan rufa biyu. Ya ce in rage, na ƙi, don ina jin kamar zubar da hannun uwata ne. Farkon gangaren akwai sarƙoƙi da aka kafa a dutse, kana riƙewa kana sauka, kuma duk takun da na yi sai jakar ta ja ni gefe. Kafin mu kai bakin ruwa gwiwoyina rawa suke yi.

Kwana biyun farko su ne masu wuya. Babu hanya a zahiri, sai manyan duwatsu da za ka hau ka sauka, sannan rairayi mai laushi da ƙafa ke nutsewa har idon sawu. Takalmina sabo ne, na saye shi a kasuwar Kantamanto mako biyu kafin tafiya, ban sa shi ya saba da ƙafata ba. Da yammacin rana ta biyu, da muka isa wurin maɓuɓɓugar ruwan zafi mai warin farar wuta inda bishiyoyin dabino suke, na cire safa na ga diddigena biyu sun yi bororo, ɗaya har ya fashe. Yaya ya durƙusa ya wanke min, ya manna filasta, bai ce uffan ba. Da ya gama sai ya kwashe gwangwanayen ya raba tsakanin jakarsa da ta abokinsa. Har yau abin yana taɓa min zuciya, domin taurin kaina su suka ɗauke shi a bayansu, a wurin da ba sabis na waya, kuma fitar da wanda ya kasa ba ƙaramin aiki ba ne.

Sanyi kuma ya zo min ba zato. Ni da na ji hamada, zafi kawai na sa a rai, alhali Yuni can lokacin sanyi ne. Da asuba ruwan alwala kamar ƙanƙara, hunturun Accra bai kama ƙafarsa ba. Alƙibla ma ta sauya min: a gida gabas muke fuskanta da ɗan karkata, can kuwa kusan arewa. Mun riƙa yin ƙasaru a kan rairayi, katangun dutse sun kewaye mu, ba ka jin komai sai kukan gwaggon biri daga nesa. Ban taɓa sallar da hankalina ya tattaru kamar waɗannan ba.

Abu ɗaya da na yi daidai shi ne garin rogo. Ba shi da nauyi, ba ya son wuta. Mu ɗebi ruwan kogi mu jefa ƙwayar tsarkake ruwa, mu jira, sai in jiƙa gari da sukari da gyaɗa da madarar gari. Abokin Yaya da ya fara ɗanɗanawa da shakka, a rana ta huɗu shi ke fara miƙo kofi. Ranar ce muka wuce kabarin wani sojan Jamus, von Trotha, da aka kashe a 1905, tarin duwatsu shi kaɗai a fili. Daga nan kwarin ya buɗe, tafiya ta yi sauri, washegari da azahar muka shiga Ai-Ais.

Da na dawo, wani ƙanen abokina ya tare ni a wurin shan ataya ya ce, "Yaya, baɗi da ni za a je." Na ce ya sayi takalminsa tun yanzu ya fara sawa, ranar Asabar kuma ya same ni a bakin teku a Labadi da jaka mai kilo 12. Rairayi za mu taka, awa uku.