Godiya Ga Waɗanda Suka Riƙa Kawo Mini Labarin Gidana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ina miƙa godiyata da ta iyalina ga duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata ranar Asabar da ta wuce a gidanmu da ke Anguwar Rogo a nan Jos, da kuma waɗanda uzuri ya hana su zuwa suka aiko da addu'a. Ba zan kama sunanta ba, domin 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa a gida Ummi muke ce mata.

A wurin walimar wani dattijo ya riƙe hannuna ya daɗe yana yaba mini a kan tarbiyya. Na amsa masa da amin, amma raina bai kwanta ba, saboda na san cewa a cikin izu sittin ɗin da yarinyar nan ta karanta, waɗanda ta karanta ina gari ba su kai goma ba. Tun 2019 aiki ya kai ni Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara, inda nake ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, kuma sai a farkon bana Allah Ya nufa aka dawo da ni Filato. Wanda ya san hanyar, daga Jos zuwa Saminaka da Pambeguwa, a ratsa Zariya da Funtuwa da Tsafe kafin a isa Gusau a sake mota, ya san tafiya ce da take cinye wuni guda, kuma a shekarun nan ba a shiga ta sai da addu'a a baki. Sai in yi wata biyu, wani lokaci uku, ban ga gida ba. Duk da haka na san ranar da Ummi ta fara ɗaura ɗankwali da kanta, na san ƙawar da suka ɓata da ita a aji uku da abin da ya haɗa su, kuma ba ni na nemo wa kaina wannan sani ba, wasu ne suka ɗauko shi suka kawo mini.

Ta farko ita ce mahaifiyarta. Na san ba al'adarmu ba ce namiji ya tsaya a bainar jama'a yana yabon iyalinsa, kuma na san za ta ji nauyin wannan rubutu, amma haƙƙi ne. Ita ta kafa dokar cewa kowane dare bayan sallar isha'i za a miƙa wa Ummi waya ta yi mini saƙon murya ta WhatsApp, ta biya karatun da aka ƙara mata a Islamiyya, sannan ta faɗi abin da ya faru a makarantar boko da gida. Abin da ya fi girma a idona shi ne ba ta taɓa tace saƙon ba. Akwai daren da yarinyar ta kai ƙarar uwar tata wurina a kan an hana ta zuwa gidan biki, ina jin ƙarar kwanukan da ake wankewa a gefe, kuma aka turo mini saƙon yadda yake. A ƙaramar Sallah ta 2020, lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi saboda cutar korona, ta wannan wayar na ga ɗinkin Sallarsu da lallen da aka yi mata.

Sai ga watan Satumba na 2021, aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko da aka buɗe na Gusau daga baya, mu da muke waje da babban birnin mun zauna haka har ƙarshen Nuwamba. Wannan kuwa ya zo ne makonni kaɗan bayan dokar hana fita da aka sa a Jos ta Arewa cikin watan Agusta, wato ni hankalina yana kansu, su ma nasu yana kaina, kuma babu mai jin muryar wani.

A nan ne malamar ajinsu ta shigo, wadda nake roƙon Allah Ya saka mata da mafificin alheri. Baiwar Allah ce 'yar ƙabilar Birom, Kirista, wadda har zuwa lokacin ban taɓa haɗuwa da ita ba. Ta lura yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji, ta kira ta gefe ta tambaye ta, da ta ji dalili sai ta saya mata littafin rubutu mai ganye sittin da kuɗinta, ta ce duk abin da ta saba faɗa wa Abbanta a waya ta riƙa rubuta shi a ciki, da Hausa ko da Turanci, kuma ta yi mata alkawarin ba za ta taɓa sa jan biro a kansa ba. Ni a ganina wannan alkawari shi ne dukan hikimar, domin da an gyara mata kuskure ko sau ɗaya, da littafin ya koma aikin makaranta.

Littafin farko ya iso ni cikin leda, an cusa shi a bakin ƙaramin buhun dankalin turawa, yana ƙanshin jar ƙasar Filato. A shafi na huɗu na tarar da wata 'yar takarda an naɗe an manna da ƙullin tuwo, a ƙasanta an rubuta: “Abba, wannan haƙorin ƙanena ne, ya fita ranar Talata. Hajiya ta ce a jefa shi kan rufi kada ƙadangare ya gani, ni kuma na ɓoye don kai ma ka gani. Kada ka faɗa mata.” Na zauna a bakin katifa da fitilar caji ina juya haƙorin nan a tafin hannuna, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, har aka kira asuba ban san dare ya ƙare ba. Hajiya, yau dai asiri ya tonu, a yi mana afuwa ni da takwararki.

Daga nan muka mai da littattafan biyu, ɗaya yana hanyar tafiya ɗaya yana hanyar dawowa, ita tana rubutu daga gaba ni ina amsawa daga baya. A ciki ta sanar da ni ta faɗi jarrabawar lissafi kafin ta sanar da kowa, a ciki ta yi mini ƙorafin sanyin hunturu da wankan asuba, a ciki kuma malaminsu na Islamiyya yake sa hannu da kwanan wata duk sanda ta kammala izu, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Da aka buɗe layi na ɗauka shi ke nan, sai ta ce akwai maganar da ba ta faɗuwa a waya. Yanzu littattafai goma sha ɗaya ne a akwatina.

Ina godiya ga ƙanena da ya tsaya a madadina a kowane taron iyaye da malamai, da maƙwabtanmu da suka kai yaran asibiti cikin dare fiye da sau ɗaya, da matan unguwa da suka kwana a kan tukwane ranar walima. Wanda na tsallake ya yafe mini, mantuwa ce ba raini ba.

Saura direbobi biyu. Na farko mai ɗaukar kayan gwari ne daga kasuwar Farin Gada zuwa Gusau, wanda ya ɗauki littattafan nan fiye da shekara uku bai taɓa karɓar ko sisi ba, yana cewa shi ma uba ne da yake kwana a hanya. Ya zo walima, ya zauna a sahun gaba, kuma da Ummi ta ɗauki allonta mai zayyana ta karanta Fatiha da farkon Baƙara, na ga yana share ido da hularsa. Na biyu shi ne wanda yake karɓa daga hannunsa a Gusau ya ƙarasa da saƙon Ƙauran Namoda, ya ajiye mini wurin mai shayin da ke bakin asibiti. Sau biyu kawai na gan shi, dogo ne mai tsagar Zamfarawa, kuma kunya ta hana ni tambayar sunansa bayan ya riga ya san nawa. Abokin nasa ya ce ya bar wannan layi tun bara, lambarsa kuma ba ta shiga. Ina roƙon duk wanda yake tashar motar Ƙauran Namoda a Gusau, idan ya gane wanda nake nufi, ya isar masa cewa yarinyar mai littafi ta sauke Alƙur'ani, kuma ta ware masa nasa tukuicin yana nan a ajiye a hannun mahaifiyarta.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.