Gindin albasar nan, kada ku zubar

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida, manya da yara. Ina miƙo gaisuwa daga nesa, da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Ana ta turo mini bidiyoyi a waya, inda ake nuna cewa duk guntun kayan lambun da ka jefa a ruwa zai sake zama sabo fil. Wasu gaskiya suke faɗa, wasu kuwa sun cika gishiri. Ni da ba ni da ko taki ɗaya na fili a nan, sai taga da 'yan tukwane, ina so ku ji yadda abin yake.

Ku fara da albasa mai lawashi, don ita ba ta ba da kunya. A bar farin gindin kamar santimita 3 tare da saiwoyinsa, a tsayar da shi a kofi, ruwa ya rufe saiwar kaɗai. Kwana biyu ko uku, sai ka ga koren tsiro ya leƙo daga tsakiyar wurin da wuƙa ta yanka. Idan ruwan ya haura gindin, yauƙi da ɗoyi za su biyo baya. A riƙa sauya ruwan kullum, ko aƙalla bayan kwana biyu, domin sauro yana tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana 7 zuwa 10, kuma kofin taga ma ya ishe shi.

Ga abin da masu bidiyon ba sa faɗa. Ruwa zalla ba ya ciyar da shuka. Wannan tsiron da ya faranta maka rai, guzurin da gindin ya tara tun yana gona yake ci. Shi ya sa bayan yanka biyu ko uku ganyen ke sirancewa, ya koɗe, ƙamshin ma ya ragu. Da zarar sabbin saiwoyi farare sun fito, a mayar da shi ƙasa mai taki, cikin tukunyar da aka huda ƙasanta, a ajiye inda rana ke dukansa kamar awa 6. Nan ne ake daɗewa ana yanka.

Citta kuwa ba ta buƙatar ruwan kofi sam. A nemi wadda ta fitar da ido, a binne ta sama-sama a tukunya mai faɗi, don gefe take yaɗuwa, kuma ta fi son inuwa-inuwa. Sai haƙuri, wata 8 zuwa 10 kafin a tona. Tafarnuwa ana dasa ɗa guda, tsininsa sama, zurfin santimita 5. Yawancin irinta sai ta sha sanyi take rabuwa 'ya'ya, amma ganyenta ma ana ci.

Dankalin turawa da ya tsira, a yanka shi kowane yanki da idonsa, a bar shi kwana ɗaya ko biyu yankan ya bushe kafin a binne. Yana girma ana ƙara masa ƙasa, saboda wanda rana ta gani yakan yi kore, kuma koren nan da tsiron suna ɗauke da guba mai suna solanin. Don Allah kada a ba yara.

Karas ne ya fi yaudarar mutane. Kansa yana fitar da ganye mai kyan gani, amma saiwar da aka yanke ba ta dawowa, ko shekara za ka yi kana jira. Gindin salak ma 'yan ganye kaɗan yake bayarwa, daga nan ya yi tsawo ya soma ɗaci. Mai son waɗannan biyun ya nemi iri ya shuka.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Allah Ya sa albarka a abin da kuka dasa.

Naku,
ɗan uwanku da ke nesa