Zaman yaro mai ciwon Duchenne a keken guragu

Ciwon raunin tsoka na Duchenne galibi yara maza yake kamawa, kuma yawanci yaro kan daina tafiya tsakanin shekara 10 zuwa 12. Daga lokacin ne ƙashin baya ke fara karkacewa, don tsokar da ke riƙe shi ta yi rauni. Karkacewar kuma tana matse haƙarƙari, numfashi da tari su ƙara wahala.

Matsalar daga ƙugu take farawa. Keken asibiti mai naɗewa, wanda mazauninsa tamfol ne, yana lotsawa a tsakiya. Ƙugu sai ya zame gefe guda, gwiwoyi su haɗe, bayan yaro ya bi. Iyaye kan sayi babba wai don ya girma a ciki, wannan kuwa ɓarna ce, domin faɗin ne ke ba shi damar kishingiɗa.

A sa kafinta ya yanko katako daidai mazaunin, a ɗora soso mai tauri. A zaunar da yaro ƙugunsa ya kai can jikin majingina. Tsakanin cinya da gefen keke kada ya wuce yatsa biyu. Tsakanin bakin mazauni da bayan gwiwa a bar yatsa biyu ko uku. In mazaunin ya yi tsawo, zamewa gaba zai yi. Matakin ƙafa ya tare tafin duka, idon sawu a kusurwar digiri 90, in ba haka ba ƙafar za ta lanƙwashe ciki har takalmi ya ƙi shiga. Matashi mai laushi ba ya tare haƙarƙari, sai matokari mai tauri a kowane gefe.

Ɗan tebur a gaba, daidai gwiwar hannu, yana barin yaro ya ci abinci ya yi rubutu da kansa. Keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu kuwa bai dace da shi ba, kafaɗunsa ba za su iya ba. Kada kuma a ɗaga shi ta hamata, zai sulluɓe.

A miƙar masa da gwiwa, ƙugu da idon sawu a hankali kwana huɗu zuwa shida a mako. Duk wata shida likitan gashin ƙashi ya duba zaman. In hoton ƙashi ya nuna karkacewar ta kai digiri 20, lokacin ganin likitan ƙashi ya yi, don aikin tiyata ya fi sauƙi tun huhu na da ƙarfi.