Juma'ar da jadawali ya biyo ni har ɗakin lakca

Yau na tashi tun kafin kiran assalatu, domin akwai ragowar takardun gwajin 'yan aji biyar da na yi musu alkawarin mayarwa kafin ƙarshen mako. Na gama duba su da hasken fitilar waya, na ɗora kunun yara, sannan na fita cikin hazon da ya rufe Kano tun farkon makon nan.

Bayan darasi na biyu sai aka aiko cewa shugabar makaranta tana nemana. Na same ta a ofis tare da mataimakiyarta, sun shimfiɗa babban kwalin jadawali a kan tebur. An yi wa malamin lissafi na manyan azuzuwa canjin wurin aiki, kuma har yanzu ba a turo madadinsa ba. Hajiya shugabar makarantar ta dube ni ta ce, “Malama, tunda ke kike karatun shugabancin makaranta, ga aiki ya same ki. Ki gyara mana wannan kafin Litinin.” Na ce, “To Hajiya, Allah ya ba mu iko.”

Na zauna da fensir da magogi kusan awa guda, kuma a nan na gane cewa kowane gida a jikin kwalin nan rayuwar mutum ce. Akwai malamar da take shayarwa, wadda ba za a ɗora mata darasin farko ba. Akwai malamin da yake tahowa daga bayan gari a kan babur, wanda kullum sai an gama taron safe yake isowa. Malamin fiziks ne kaɗai zai iya riƙe lissafin, amma idan na zuba masa duka, ba zai sami ko lokacin duba littattafan ɗalibai ba. Na goge gida ɗaya har sau huɗu, kwalin ya fara yin baƙi a wurin, aka kaɗa ƙararrawar tashi ban kai ga mafita ba.

Bayan an sauko daga masallaci na hau adaidaita sahu zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, inda nake digiri na biyu a fannin gudanarwa da tsare-tsaren ilimi. Cunkoson Kabuga ya ci mini kusan rabin awa, amma na tarar ba a fara ba. Yawancinmu a ajin ma'aikata ne: hedimastoci, mataimakan shugabannin makarantu, da wasu jami'an hukumar ilimin bai-ɗaya.

Lakcar yau a kan rabon aiki tsakanin malamai ce. Malaminmu ya tuna mana cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta ta, ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, 40 a babbar sakandare. Ajin da na fito daga cikinsa da safe ya ninka hakan, har wasu 'yan mata a kan tabarma suke rubutu. Ban ga laifin wannan ƙa'ida ba, domin ita ce ma'aunin da shugaba zai riƙe idan ya je neman ƙarin malamai, amma ba ta faɗa mini abin da zan yi ranar Litinin ba. Saboda haka na ɗaga hannu na kawo matsalar jadawalinmu, ba tare da na ambaci sunan makaranta ba.

Wanda ya fi amfanar da ni wani dattijon hedimasta ne da yake zuwa daga Jigawa kowane mako. Ya ce, “'Yata, kada ki liƙa jadawali a bango kafin ki zauna da waɗanda za su ɗauke shi. Malamin da aka nemi shawararsa yakan karɓi nauyin da zai ƙi idan umarni aka ba shi.” Ya ƙara da cewa mu rubuta takardar neman ɗan bautar ƙasa da ya karanci lissafi, mu kuma kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta, tunda akwai iyaye da mai unguwa a cikinsa. Na rubuta duka a gefen littafina.

Sai bayan magariba na isa gida. Maigida ya riga ya duba wa yara aikin makaranta, abin da yake yi kowace Juma'a tun da na fara karatun nan, Allah ya saka masa. Babi na biyu na kundin bincikena yana jira, gobe Asabar kuma akwai lakca da safe, amma kafin in buɗe kwamfuta sai da na aika wa Hajiya saƙo ina roƙon ta ba ni minti ashirin da malaman kimiyya ranar Litinin. Ta amsa da cewa ta amince, in zo da kwalin da fensirina.