Mariano Rivera: jifa iri ɗaya tal, kuma kowa ya san ita ce tafe

Besbol ba wasan da yawancinmu muka taso muna kallo ba ne, ni ma na daɗe ina ganin kamar mutane ne kawai tsaitsaye a fili suna tauna cingam. Amma in ka bi labarin Mariano Rivera sai ka fahimci wasan gaba ɗaya a hannun mai jifa yake. Yana tsaye kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai sanda mita 18 da ɗan ɗoriya, ya sako ƙwallo da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, shi kuma mai sanda ko rabin sakan bai da shi na yanke shawarar ya kai duka ko ya ƙyale. Shi ya sa masu jifa ke tara dabaru kala uku, huɗu, wani har biyar, don a rikita mai sanda. Rivera kuwa kusan da kala ɗaya ya ci abinci.

Ɗan ƙasar Panama ne, an haife shi a 1969, ya tashi a wani ƙauyen masunta mai suna Puerto Caimito, babansa kyaftin ne na jirgin kamun kifi. Ƙwallon ƙafa ma ya fi so yana yaro, besbol ɗin da kwalin madara suke haɗa safar hannu. Ya yi aikin su a jirgin baban nasa, ya ga wahalar teku ya ce a'a. Kuma da farko ba mai jifa ba ne, tsaron fili yake yi, wata rana ne mai jifan ƙungiyarsu ya rikice aka ce ya zo ya gwada. A 1990 New York Yankees suka ɗauke shi kan dala 2,500, bai jin Turanci ko kalma ɗaya, a 1992 kuma aka yi masa tiyata a gwiwar hannu. Da ya shigo babbar gasar Amurka a 1995 a matsayin mai fara wasa, gaskiya bai taɓuka abun kirki ba, saura ƙiris ma a yi musayarsa da wani ɗan wasan Detroit.

Sai aka canza masa aiki. A besbol akwai mai rufe wasa, mai jifan da ake ajiyewa sai zagaye na tara, na ƙarshe, in ƙungiya na gaba da ɗan ƙaramin rata sai a kira shi ya fitar da mutum uku a tashi. A 1996 shi ke share wa mai rufe wasan Yankees John Wetteland hanya, a 1997 aka ba shi kujerar. A shekarar ce yana ɗan jefe-jefe da abokin wasansa Ramiro Mendoza sai ƙwallon ta fara karkacewa da kanta dab da isa. Kocin masu jifa Mel Stottlemyre har ƙoƙarin gyara abun ya yi don ta dawo tana tafiya sambal, da abun ya ƙi sai suka haƙura. Shi Rivera cewa yake kyauta ce daga Allah, kuma wallahi in ka ga yanda ta zo masa ba za ka yi musu ba.

Wannan jifa, da ake kira kota, tana tahowa kamar miƙaƙƙiya, sai a ƙarshen ƙarshe ta goce kaɗan. Da yake da dama yake jifa, in bahago ne ke riƙe da sanda sai ta nufo hannunsa, maimakon ta faɗa kan kaurin sandar sai ta daki siririn wajen kusa da mariƙi, sanda ta tsage, ƙwallo ta gangara ba ƙarfi. A gasar ƙarshe ta World Series a 1999 Ryan Klesko na Atlanta sanda uku ya karya a tsayuwa ɗaya. Abun da ya fi ɗaure mun kai shi ne babu wani sirri a ciki fa, kamar ɗan wasa ne ya gaya wa gola ga kusurwar da zai buga fenariti kuma ya ci. Har nuna wa mutane yanda ake riƙon yake, ya koya wa wani mai jifa Roy Halladay a 2008 alhali Halladay na Toronto ne, abokan hamayya. Kenan ba a riƙon maganar take ba, iya saiti ne, ya ajiye ta daidai inda yake so yau da gobe har shekara 17.

Akwai masu cewa an cika zuzuta masu rufe wasa, wai zagaye ɗaya kawai suke yi alhali mai fara wasa na yin shida ko bakwai. Suna da gaskiya, kuma ni ma wasanni 652 da ya rufe, duk da ba wanda ya kai shi, ba su ne suka fi burge ni ba. Je ka duba wasannin kifa-ɗaya-ƙwala na ƙarshen kaka inda ake haɗuwa da manya zalla: zagaye 141 ya jefa, maki 11 kacal aka ci a kansa da za a ce laifinsa ne. Kofi biyar, 1996, 1998, 1999, 2000 da 2009.

Amma fa ya sha kashi, kuma a wuri mafi ciwo. Wasa na bakwai na World Series a 2001, Yankees na gaba da Arizona 2 da 1, aka miƙa masa. Ya yi kuskuren jifa zuwa tasha ta biyu cikin tashoshin da mai sanda ke zagayawa ya ci maki, aka farke, sannan Luis Gonzalez na Arizona ya zo da sanda. Abun haushin, kotar ta yi aikinta, ta matse shi a hannu, ƙwallo ta tashi lagwai-lagwai, sai dai masu tsaro sun matso gaba don haka ta tsallake kansu ta faɗi. Kofi ya tafi. A 2004 ma Boston sun kuɓuce masa. Wasu irin wannan ke gama su, shi kuwa kaka na zagayowa ya dawo da fuskar nan tasa da ba ka gane komai a cikinta.

A 2012 jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Kansas City, ba ma a wasa ba, wajen atisaye yana bin ƙwallo. Yana da shekara 42, kowa ya ce shi kenan. Ya dawo a 2013 ya yi kaka guda sannan ya ajiye da kansa, ƙungiyar Minnesota ma kujera suka haɗa masa da karyayyun sanduna a matsayin kyautar sallama, wannan tsiya ta yi mun daɗi. Shi ne na ƙarshe da ya riƙe lamba 42 a matsayin tasa, don tun 1997 aka daina bayar da ita saboda girmama Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya shingen wariyar launi a gasar, waɗanda ke da ita ne kawai aka bari su ƙarasa.

A 2019 'yan jarida 425 suka kaɗa ƙuri'ar shigar da shi zauren gwarazan besbol, duka 425 suka ce e, karo na farko a tarihi. Ko Babe Ruth, shahararren gwarzon besbol, bai samu haka ba. Derek Jeter da suka yi zamani tare a Yankees, da tasa ta zo a 2020 ƙuri'a ɗaya ta hana shi samun duka.